Karan ɗori a lambobin Turanci: ina ake sa shi, ina ba a sa shi

Aikina koyar da Turanci ne a makarantar sakandare a nan Daura, kuma yawancin ɗalibaina 'yan unguwar Kusugu ne da kewayenta. Duk zangon karatu, kuskure ɗaya ne ya fi cin jan birona: yadda ake rubuta lamba da kalmomi. Yaro zai tsara insha'i mai kyau, sai ya zo kan lamba ya rubuta twenty one, ko twentyone, wani ma twenty and one.

Wannan na ƙarshen daga Hausa ya samo shi. Mu muna cewa ashirin da ɗaya, talatin da biyar, sai yaro ya ɗauko "da" ɗinmu ya kai Turanci. Turanci kuwa ɗan gajeren layi yake sawa a wannan gurbi, wato karan ɗori, irin wanda muke sawa a kala-kala ko sannu-sannu.

Ƙa'idar ba ta da tsawo. Daga 21 zuwa 99, duk lambar da ta haɗa gomomi da ɗaiɗaiku tana ɗaukar karan ɗori. Jihar Katsina tana da ƙananan hukumomi thirty-four, Nijeriya tana da jihohi thirty-six. Amma hundred da thousand da million ba a ɗaure su da komai. Ƙananan hukumomin ƙasar nan 774 ne, a rubuta seven hundred and seventy-four, layi ɗaya tak, a ƙarshe. Wannan and ɗin da ke bayan hundred salon Ingila ne, shi muke bi. Mutanen Amurka sukan bar shi. Jerin matsayi ma yana ɗaukar karan ɗori: twenty-first, forty-second. Ku lura kuma, forty ba shi da harafin u, ko da yake four yana da shi.

Inda har manya suke tuntuɓe shi ne idan lambar ta zo gaban suna tana siffanta shi. A ten-year-old boy, da layi biyu, kuma year babu s. Amma the boy is ten years old, babu layi ko ɗaya. Haka a five-day workshop, wanda nake yawan gani an rubuta five days workshop a allunan sanarwa cikin gari, abin yana damuna ƙwarai domin yara daga nan suke kwafa.

Kada a ce ƙaramin abu ne. A insha'in WAEC akwai maki da aka ware don tsabtar rubutu, kuma kowane kuskuren alamar rubutu yana rage wa ɗalibi wani abu daga ciki. Ga ɗan kasuwa kuma, adadin da aka rubuta da kalmomi a cek ko takardar yarjejeniya yana da nauyi: a dokar cek, idan kalmomi da alƙaluma suka saɓa, kalmomin ake bi.

Roƙona ga 'yan uwa malamai, musamman na firamare, mu daina tsayawa a twenty idan muna koyar da rubutun lambobi. A kai yara har ninety-nine a kan allo, a sa su rubuta kuɗin cefane da shekarun iyayensu da kalmomi, a duba littafin kowa ɗaya bayan ɗaya.