Darasi: Yadda Ake Adana Tocila Daga Danshi

'Yan uwana ɗalibai, da za mu tafi dogon hutu na jefa tocilata cikin akwati a ɗakinmu a nan Legas, da batir a cikinta. Na dawo bayan wata 3. Daren jajibirin jarrabawa aka ɗauke wuta, na danna makunni, ko ƙyas. Da na kwance gindinta sai na tarar batir ya zubar da ruwa, sifirin ya yi tsatsa.

Mu fara da kalmomi. Jiƙewa ita ce ruwa ya taɓa abu kai tsaye. Raɓa kuwa da asuba take sauka a kan ciyawa. Amma danshi ko laima, ruwa ne da iska ke ɗauke da shi, ido ba ya gani. Shi ya sa kaya kan yi fumfuna a Kudu da damina, ko da ba su jiƙe ba.

Ga yadda nake yi yanzu:

1. A cire batir, a ajiye shi daban.
2. A goge tocilar da busasshen ƙyalle, a shafa ɗan basilin a zaren murfinta.
3. A sa ta cikin gwangwani mai rufuwa ruf, tare da ƙullin nan mai tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi.
4. Kada a ajiye ta a ƙasa ko jikin bango.
5. Mai caji kuwa, a riƙa yi mata caji duk bayan wata 3.

Rigakafi dai ya fi magani.

Aiki: Gina jimla ɗaya-ɗaya da "danshi", "raɓa" da "tsatsa".