Yadda Ake Auna Motsin Ƙasa Daga Sama

Ƙasar da muke takawa takan nutse a hankali, santimita kaɗan a shekara, ido ba ya gani sai bango ya tsage. Yawan janyo ruwa daga rijiyoyin burtsatse da haƙar ma'adinai suna cikin abubuwan da ke kawo haka.

A 2014 Turai ta fara harba taurarin ɗan'adam masu suna Sentinel-1. Kowanensu yakan aiko da igiyar rada ƙasa ta koma masa, dare ko rana, ko da hadari ya rufe sama. Bayan kwana 12 sai ya sake bi ta wurin. Idan aka gwada awon farko da na biyu, za a san ko ƙasa ta motsa. Ta haka aka gano wasu unguwannin Legas suna nutsewa. Awon ya fi kyau a kan duwatsu da gine-gine, domin ganyen gona yakan rikita shi.

A 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye Maiduguri. Mu ma a Jihar Katsina muna da madatsun Zobe da Jibiya, waɗanda ya kamata a riƙa lura da su. 'Yan'uwana ɗalibai, mu dage da lissafi da kimiyya, gama su ne tushen wannan aiki.