MUDU DA SIKELI: YADDA ZA KA SAN NAUYIN HATSIN DA KE RUMBUNKA

Kai manomi na ƙasar Kankiya da Kusada, da mudu ka ke sayar da amfanin gonarka, ko da tiya, ko da buhu. Amma falken da ya saya gare ka a Kankiya ko Caranci, in ya kai kayan Dawanau ta Kano ya sayar wa kamfani, a bisa sikeli za a karɓa. Shi ya san kilo nawa ke cikin tiyarka, kai kuwa ba ka sani ba. Wannan abu ba yau ya fara ba. Tun da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano cikin 1911, aka shiga cinikin gyaɗa sosai cikin 1912, kamfanoni da laba da ton su ka riƙa saye, manomi kuwa yana aunawa da ƙwarya. Yanzu an bar laba an koma kilo. Kilo ɗaya laba biyu ne da ɗan ƙari kaɗan.

Abu uku za ka riƙe. Na fari nauyi, shi ne abin da sikeli ke nunawa, ana ƙidaya shi da kilo da giram, giram 1,000 kilo ɗaya ke nan. Na biyu wurin da abu ya ci, shi ne abin da mudu ke nunawa, ana ƙidaya shi da lita. Lita ɗaya ita ce cikin akwatin da tsawonsa da faɗinsa da zurfinsa kowanne santimita 10 ne. Na uku shi ne nauyin lita guda ta abin da ka ke aunawa, kuma shi ne ke gama na fari da na biyu. Ka dai san garwar yashi da garwar ƙaiƙayi girmansu ɗaya, amma yaro na iya ɗaukar ta ƙaiƙayi da hannu guda, ta yashi kuwa sai an aza wa babba. In ka san biyu cikin ukun nan, lissafi zai ba ka na ukun.

Auna mudunka tukuna

Mudu ba ɗaya ba ne. Na wannan kasuwa ya fi na waccan, na mai saye sau da yawa ya fi na mai sayarwa, ga kuma tozon da a kan yi a bisa bakinsa. Saboda haka kada ka dogara da sunansa, sai ka san lita nawa ya ke ci. Dabarar kuwa mai sauƙi ce, gama lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne. Ka ari sikeli wurin malamin gona ko mai shago, ka aza ma'auninka ba kome ciki, ka rubuta nauyinsa. Sa'an nan ka cika shi fal da ruwa, ka sāke azawa, ka ɗebe na fari daga na biyu. Yawan kilon da ya saura shi ne yawan litar da ma'aunin ke ci. Garwar kananzir irin ta dā, mai galan 4, za ka ga tana cin lita 18.

To, zubar da ruwan, ka bari garwar ta bushe. Cika ta da busasshiyar dawa wadda aka sheƙe sarai, kada ka danna, kada ka girgiza, ka shafe bakin da kara miƙaƙƙe. Aza a sikeli, ɗebe nauyin garwa. A ce ka sami kilo 13, watau giram 13,000. Raba shi gida 18, za ka sami giram 720 da 'yan kai. Shi ne nauyin lita guda ta dawarka. Rubuta shi ka ajiye.

In ka gwada sauran kaya cikin garwan nan, za ka ga wake ya kai wajen kilo 14, shinkafa shanshera kilo 10 da ɗoriya, tsabar gyaɗa 11 da rabi, gyaɗa da ɓawonta kuwa 5 ko 6 kaɗai. Man gyaɗa bai kai ruwa nauyi ba, kilo 16 da rabi ne, shi ya sa ya kan hau bisa ruwa. Zuma ta fi kilo 25. Waɗannan kimantawa ne, gama iri ya bambanta, shekara ma ta bambanta. Awon da ka yi da hannunka ya fi su gaskiya a kan kayanka.

Lissafin rufewa da rumbu

Ga inda aikin ya ke da amfani ƙwarai. A ce kana da rufewa a Rimaye ko Kafin Soli, ka zuba tsabar dawa ciki, kana son ka san ko za ta kai ka sabon gero. Sa kara ka auna faɗin cikinta daga bango zuwa bango ta tsakiya. Sa'an nan ka soka sanda cikin hatsin har ƙasa, ka auna zurfinsa. A ce faɗi santimita 150, zurfi santimita 100.

Da ya ke cikin rufewa kewayayye ne, ga yadda a ke yi. Faɗi sau faɗi: 150 sau 150, ya ba da 22,500. Wannan sau 11, ya ba da 247,500. Raba gida 14, ya ba da 17,678. Wannan sau zurfi, watau sau 100, ya ba da 1,767,800. Raba gida 1,000 don ya koma lita, ka sami lita 1,767. In ɗaki ne mai kusurwa huɗu ba ka bukatar 11 da 14 ɗin nan, tsawo sau faɗi sau zurfi kaɗai za ka yi. In kuwa rufewar mai ciki ce kamar tulu, auna inda ta fi faɗi da inda ta fi tsukewa, ka gama, ka raba biyu, ka yi aiki da abin da ka samu.

Yanzu ɗauko adadin da ka rubuta. Lita 1,767 sau giram 720, ya ba da kilo 1,272. To, kilo nawa gidanka ke ci a yini? Tambayi uwargida mudu nawa ta kan ɗiba, ka aza a sikeli. A ce kilo 5. Raba 1,272 gida 5, kwana 254 ke nan. In an fara ci ran 1 ga Disamba, hatsin nan zai ƙare wajen 11 ga Agusta, watau tsakiyar marka, gero bai nuna ba, lokacin da hatsi ya fi tsada a kasuwa, kai kuma ya kamata kana gona. Ba mu ko fid da iri ba, ba mu fid da zakka ba, balle abin da ƙwari da ɓeraye za su ci, da suna, da baƙi. Mai gidan nan ido zai gaya masa rufewarsa cike ta ke, ya kwashi buhu biyu ya kai kasuwa da kaka. Lissafi kuwa ya nuna masa ba shi da ko mudun sayarwa.

Yawancin manoma da zangarniya su kan zuba rumbu, ba tsaba ba. Nan awon faɗi da zurfi ba shi da amfani, don rabin wurin iska ce da sōshiya. Sai ka ƙidaya dammuna tun ana zubawa. Zaɓi uku, babba da matsakaici da ƙarami, a sussuke, a sheƙe, ka auna tsabar. In ukun sun ba da kilo 36, dami ɗaya kilo 12 ke nan. Dami 80 zai ba ka kilo 960. Kada ka zaɓi manya kaɗai, kanka za ka ruɗa.

Game da zakka, ka tuna shari'a da awo ta ƙayyade nisabin hatsi, ba da sikeli ba: wusuƙi 5, watau sa'i 300, watau mudun Annabi 1,200. Saboda haka nisabin gero da na shanshera ba za su zo kilo ɗaya ba.

Abin da sikeli ke tonawa

Da ka san nauyin da ya kamata garwa ta yi, algus ba ya ɓuya. Lita ɗaya ta busasshen yashi ta fi kilo ɗaya da rabi, fiye da ninki biyu na tsabar gyaɗa. In garwar gyaɗa ta zarce nauyinta da yawa, zazzage ta ka duba gindin. In zuma ta kasa, an surka ta da ruwa. In waken da ka auna da kaka kilo 14 ya koma 12 da bazara, ƙwari sun rarake cikinsa, ko da ya ke mudu zai nuna bai ragu ba. Irin shuka ma haka ne: zuba shi cikin ruwa, wanda ba shi da ciki zai taso, ka kwashe ka yar, ka shanya sauran nan da nan.

Laima kuma ta kan yaudari mai saye da mai ajiya duka. Buhu mai kilo 100 wanda kashi 20 cikin 100 nasa ruwa ne, ainihin hatsin ciki kilo 80 ne. In ya bushe ruwan ya koma kashi 12, buhun zai koma kilo 91. Don haka kada ka yi lissafin rufewa da ɗanyen hatsi. Ciza ƙwaya, in ta fashe ƙas ta bushe.

Ga dagatai da masu unguwa

Tsofaffi sun ba da labarin Kakalaba ta 1914, da yawa kuma cikinku sun ga farin 1973. In damina ta kasa, hukuma ta tambayi abincin da ke ƙasarka, ba ta iya aiki da amsar "da sauƙi" ko "akwai ƙunci", adadi ta ke so. Bayan an gama kaka, ka sa malaminka ya bi gida goma a kowace unguwa, na masu hali da na talakawa, ya rubuta dammuna nawa, kilo nawa dami ya bayar, bāki nawa ke ci. Ka ajiye garwa ɗaya da aka auna da ruwa a zaurenka, wadda ba ta lotsa ba, don in gardamar awo ta tashi a kasuwa a zo a gwada mudun da ita.