Kada ka gaji mazubin, saka shi a ciki

Wani matashi a Gaya da ke rubuta wa ofishin fiton kaya manhaja ya aiko da tambaya. Aikin manhajar shi ne riƙe jerin manyan motoci: lambar mota, nauyin kaya, da hanyar da ta biyo, ko daga Kotonu ta gadar Malanbil, ko ta Kamba a ɓangaren Kebbi. Da C++ yake aiki. Ya ga std::vector ya riga ya iya jera abubuwa, shi ne yake tambaya me zai hana ajinsa na motoci ya gaji vector ya huta.

Ƙanena, kada ka yi. Hutun na mako guda ne, wahalar kuwa ta shekaru.

Jerin naka yana da dokoki. Lambar mota ɗaya ba za ta shiga sau biyu ba, kuma jimillar nauyi dole ta dace da abin da ke cikin jerin. Ka rubuta aikin ƙara mota mai duba duk wannan, madalla. To amma ranar da ka gaji vector a fili, ka gaji push_back da insert da erase da clear gaba ɗaya, kuma babu ɗayansu da ya san dokokinka. Gobe abokin aikinka zai kira erase ya cire mota guda, jimillar ta tsaya yadda take, takardar da aka buga wa jami'an duwan ta saɓa da kayan da ke tsaye a fili. Kamar ka sa mai gadi a ƙofar sito ne alhali ƙofofi goma na baya a buɗe suke. Ba laifin abokin aikin ba ne, kai ka miƙa masa hanyar.

Akwai kuma abin da ya shafi ginin harshen kansa. Mazuban da Alexander Stepanov ya tsara, waɗanda suka shiga ƙa'idar C++ ta 1998, ba a yi su don a gaje su ba. Mai rushewar vector ba virtual ba ne. In ka goge abinka ta manunin vector, ƙa'idar harshen ba ta lamunce maka komai ba: yau ya yi aiki, gobe ya faɗi a kwamfutar ofis. In kuma ka miƙa jerin ga aikin da ke karɓar kwafin vector, jimillar da ka ƙara za ta zube a hanya ba tare da wani gargaɗi ba.

Sauya harshe ba zai fisshe ka ba. A Python, in ka gaji dict ka sauya __setitem__, aikin update ba zai bi ta naka ba, shi ya sa ake amfani da UserDict. A Java kuwa, ajin Stack ya gaji Vector tun farko, har yau ana iya cusa abu a tsakiyar tarin da ya kamata a taɓa samansa kaɗai. Joshua Bloch ya kawo wannan misali a littafinsa Effective Java na 2001.

Ga abin yi. Ka sa vector ya zama ɓoyayyen mamba a cikin ajinka. Ka buɗe ayyukan da ofishin ke buƙata kawai: ƙara mota, sallami mota, nemo ta da lamba, faɗi jimilla. Don zagayawa cikin jerin, ka ba da begin da end na karatu zalla. Layuka kaɗan ne, kuma haka std::stack kansa yake, deque ne a cikinsa. In maimaita ayyukan ya gundure ka, gado na private tare da using ya halatta, tunda kai ke zaɓen abin da zai fito.

Ka tuna garin da kake. Bayan rufe gadar Malanbil a 2023, kaya da yawa suka koma bin Lome ta Burkina Faso, buƙatun ofisoshin Gaya suka sauya cikin ɗan lokaci. In an ce maka gobe neman mota da lamba ya fi jeri muhimmanci, za ka cire vector ka sa map a wuri ɗaya, sauran manhajar ba za ta ma san an taɓa ta ba.