Abin da Ya Fito da Ni daga Aji zuwa Gidajen Iyayen Yara Kurame

Ni malamar yara kurame ce. Ilimin masu buƙata ta musamman na karanta, na kuma daɗe ina riƙe da 'yan aji ɗaya a wata makarantar kurame a nan Arewa. Yanzu kuwa yawancin aikina da iyaye nake yin sa, ko dai a tsakar gidajensu ko a zaman da muke haɗa su wuri guda. Abokan aiki kan tambaye ni dalilin da ya sa na ajiye alli. Shekarun yaran da ake kawo mana ne suka sa.

Da wuya ka ga ɗan shekara shida a ajinmu na ɗaya. Sai ɗan tara, ɗan goma, wani lokaci ma yarinyar da ta soma tasawa. Da yawansu suna zuwa ba su san suna da suna ba. Yaro zai iya nuna randa in yana jin ƙishirwa, ya dafa ciki in yunwa ta kama shi, amma ba shi da yadda zai ce "jiya", ko ya tambayi "don me", ko ya faɗi wanda ya doke shi. Tsaransa mai ji kafin ya kai shekara biyar ya tara dubban kalmomi ba tare da an zaunar da shi an koya masa ba. A bayan uwa ya tsince su, da hirar tsakar gida, da tatsuniyar dare. Shekarun farko su ne lokacin da ƙwaƙwalwa ta fi karɓar harshe, kowane iri ne, na baki ko na hannu. In suka wuce yaro bai samu ko ɗaya ba, malami zai yi iya ƙoƙarinsa, yaron zai ci gaba, amma giɓin yakan bi shi har cikin karatu da lissafi da mu'amala da mutane. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu kuwa a makaranta sai ya fara bushewa yake iso mu.

Ba sakacin iyaye ba ne kawai. Fiye da kashi 90 cikin ɗari na yara kurame iyaye masu ji ne suka haife su, waɗanda ba su taɓa zama da kurma ba, ba kuma wanda ya taɓa nuna musu abin yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yara miliyan 34 ne a duniya ke da matsalar ji mai buƙatar kulawa, kuma kusan kashi 60 cikin ɗari na kurumcin yara abu ne da ake iya karewa. Labarin da nake ji daga bakin iyaye mata kusan iri ɗaya ne: yaro ya yi sanƙarau lokacin zafi, ko ƙyanda, ko hangum, ko shawara mai tsanani a satin haihuwa, ko kunne ya daɗe yana zubar da ruwa ana ɗiga masa mai da ruwan ganye. Yankinmu yana cikin zirin da sanƙarau ke yawan ɓarkewa a Afirka, manya kuma ba su manta da annobar 1996 ba. Cikin mutum biyar da suka tashi daga sanƙarau mai tsanani, kusan ɗaya yakan fita da wata larura mai ɗorewa, kurumta na kan gaba a cikinsu. Akwai kuma allurai irin su jentamaisin da kan lalata ji idan aka yi su barkatai a kemis ba da umarnin likita ba.

Daga nan sai jira ya biyo baya. "Malama, ai babansa ma bai yi magana da wuri ba." "Nauyin baki ne, zai sake." "An ce iska ce ta taɓa shi." Ana nan ana neman magani daga wannan gari zuwa wancan, shekara uku ta wuce, huɗu ta wuce. Ban taɓa hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi. Roƙona a haɗa ta da gwajin ji.

Ga abin da uwa za ta lura da shi. Jariri mai ji yakan razana da ƙara mai ƙarfi. Wajen wata shida yana juyowa inda sauti ya fito, yana soma gwalantu irin su "ba-ba-ba". In ya shekara yana waigowa idan an kira sunansa. A shekara biyu yana haɗa kalma biyu. Jariri kurma ma yana kuka yana dariya, shi ya sa abin ke ɓoyuwa, sai dai gwalantun nasa yakan ragu maimakon ya ƙaru. Kada a dogara da tafa hannu a bayansa, domin yana iya ganin inuwa ko ya ji motsin iska ya juyo. Ma'aunin da ƙwararru suka sa a ƙasashen da ke gwada jarirai shi ne a gwada ji kafin wata ɗaya, a tabbatar da matsala kafin wata uku, a fara taimako kafin wata shida. Ko ba mu kai nan ba, akwai sashen kunne, hanci da maƙogwaro a asibitocin koyarwa, akwai kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Duk yaron da ya tashi daga sanƙarau a kai shi gwaji ba da ɓata lokaci ba.

Tsoron da na fi cin karo da shi wajen iyaye shi ne wai in aka koya wa yaro maganar hannu ba zai taɓa buɗe baki ba. Ba haka ba ne. Yaron da ke da sauran ji, aka sa masa na'urar ƙara ji, ya fi saurin kama maganar baki idan ya riga ya san abubuwa suna da suna. Wanda kuma ba zai ji ba, hannun ne harshensa, cikakke mai nahawunsa. Kuramen ƙasar Hausa suna da tasu maganar hannu tun kafin a buɗe musu makarantun boko, har wata masaniyar harshe Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta yi bincike a kanta a Kano ta fitar da littafi a 2000. Wadda ake koyarwa a makarantu kuwa ta samo tushe daga ta Amurka, ta hannun Andrew Foster, wani kurma baƙar fata da ya buɗe makaranta a Ibadan a 1960. In iyaye suka tambaye ni wacce za su fara, nakan ce wadda ke kusa da ku. Tela ko kafinta kurma na unguwarku malami ne babba, ku je ku gaishe shi ku nemi ya koya muku.

Idan na shiga gida ba na zuwa da allo. Tabarma muke shimfiɗawa, in ce wa uwar yaro ta ci gaba da aikinta. Lokacin wanka akwai ruwa, sabulu, sanyi, zafi. Lokacin cin abinci akwai tuwo, miya, ƙari, ya isa. Nakan nuna mata ta taɓa kafaɗarsa a hankali, ta jira idonsa ya haɗu da nata, ta sunkuyo daidai tsayinsa, haske na kan fuskarta, sannan ta yi alamar ta kuma faɗi kalmar. Kowa a gidan mukan ba shi alamar sunansa, har Kaka da jaririn goye. Ina kuma nanata abu guda: kada ki fita ki bar shi bai sani ba. Ki gaya masa za ki kasuwa, za ki dawo. Yawancin abin da ake kira taurin kai ko zafin zuciyar kurma, takaicin yaron da al'amura ke faruwa a kansa ne ba wanda ya yi masa bayani.

Wata uwa da muka ɗauki lokaci muna aiki tare ta taɓa ce mini, "Malama, jiya ya gaya mini haƙorinsa ke ciwo. Da can sai dai ya yi ta birgima, ni kuma in yi ta dukansa." Irin wannan sauyin ba na iya kawo shi daga cikin aji, domin ita ce ke tare da yaron dare da rana.

Maigida, da kai nake yanzu. Kada ka bar wa uwar yara wannan nauyi ita kaɗai. Ɗanka yana binka masallaci yana kwaikwayon ruku'u da sujada, amma yana da haƙƙin sanin wanda yake bauta wa, kuma kai ne za ka sanar da shi. Yayye da ƙanne su ma a sa su ciki, sun fi mu saurin kamawa. In kuwa kurmar mace ce, a koya mata sunayen sassan jikinta da alamar "a'a" da "wane ne ya yi", domin masu cin zarafin yara sun san wadda ba ta iya ba da labari.

Makaranta tana nan da muhimmancinta. Akwai irin ta Tudun Maliki a Kano da takwarorinta a sauran jihohi, kuma dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Na ga kurame da suka zama malamai da ma'aikatan gwamnati da masu sana'ar da ke riƙe da iyali, ba wanda ya ga dalilin tura su bara. Amma ɗan da ya iso aji ɗaya da harshe a hannunsa, daga karatu muke farawa da shi, ba daga koya masa sunansa ba.

Don haka a kai yara rigakafi. In kunne ya fara ruwa a je asibiti. In kina shakkar jin ɗanki, ki kai shi gwaji a wannan watan, kada ki jira ya shekara uku. In an tabbatar kurma ne, ki fara da alama biyar a wannan makon: ruwa, abinci, Mama, Baba, da sunansa. Wanda kuma ya san gidan da ke da irin wannan yaro, ya isar musu da saƙon nan. Allah Ya raya mana zuri'a, Ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu.