Dokin Sallah ba a jajibere ake kiwonsa ba

Da zarar azumi ya raba tsakiya, bargar da aka yi wata goma ba a leƙa ba sai ta cika da hada-hada. A auno gero, a sayo dusa, a yi ta tura wa doki don ya murje ya yi sheƙi kafin Hawan Daushe. Niyyar mai kyau ce, amma wannan gaggawar na cikin abubuwan da ke kayar da dawaki ana saura kwana kaɗan a hau. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk girman doki, tumbinsa ƙarami ne, abin da yake ɗauka bai wuce kimanin lita 15 ba, kuma doki ba ya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. Cikinsa ya saba da tsinkar ciyawa kaɗan-kaɗan yini guda. Idan aka jibga masa hatsi lokaci ɗaya, sai ya wuce zuwa babban hanji bai gama narkewa ba, ya yi tsami a can, iska ta taru, ciki ya murɗa. Wani lokaci kuma abin a kofato yake sauka: ka taɓa ka ji zafi, dokin ya miƙe ƙafafun gaba yana jingina baya, ya ƙi taku.

Don haka harawa da ciyawa su ne abinci, hatsi ƙari ne. Dokin da ya kai kilo 350 yana bukatar busasshiyar ciyawa ko harawa kilo 6 zuwa 7 a yini. In za ka ƙara gero ko dawa, ƙara da kaɗan-kaɗan cikin mako biyu, ka raba shi sau biyu ko uku a rana, ka jiƙa dusa kafin ka ba shi. Harawar da ta sha ruwan sama ta yi fumfuna, zubar da ita, komai tsadar da ka sayo ta. Kada a zuba abinci a kan rairayi, domin yashin da yake haɗawa da shi taruwa yake yi a hanji. A tsince leda daga barga. Abincin kaji kuwa a nisanta shi da doki ƙwarai, don akan sa masa wani maganin da kaza ke ci lafiya amma yana lalata zuciyar doki.

Ruwa: lita 25 zuwa 40 a rana, a bazara ya fi haka. Bokiti ɗaya da safe bai isa ba. In ya dawo daga hawa yana gumi, a zagaya da shi a hankali, a zuba masa ruwa a wuya da ƙafafu, a bar shi ya sha. Gishiri da 'yar kanwa suna da amfani, amma lasa ake so.

Sai kilisa. Dokin da ya shekara a turke, aka cika shi da hatsi, sannan aka ɗora masa kaya aka yi ta sukuwa kwana huɗu, an zalunce shi. Fara fita da shi tun saura wata ɗaya da rabi, tafiya da farko, sannan sassarfa. In kana kai ka ji ƙafafun baya sun sage, gumi na zuba, fitsarinsa ya koma kalar baƙin shayi, sauka nan take, kada ka tilasta masa tafiya. Tsokarsa ce ta samu rauni, kuma ƙoda na iya taɓuwa.

Abin da na fi so kowane yaron doki ya iya shi ne sanin dokinsa yana lafiya. Sa yatsa a ƙarƙashin muƙamuƙi ka ƙirga bugun jini: 28 zuwa 44 a minti ga dokin da ke hutawa. Zafin jiki 37.5 zuwa 38.5 a ma'aunin Selshiyos. Dasashi ja-ja mai damshi. Ka kuma duba kashinsa kowace safiya, yawansa da taurinsa. Wanda ya san waɗannan zai gane ciwon ciki tun yana sabo: doki ya bar abinci, yana tonon ƙasa, yana waiwayen kwiɓinsa, ya kwanta ya tashi, ga shi bai yi kashi ba. Ɗauke abinci, zagaya da shi a hankali, kira likitan dabbobi. In bugun ya haura 60, ba batun jiran gobe. Ɗurar mai ko jiƙo da ƙarfin tsiya, balle ta hanci, kan wuce huhu, sai a ƙara masa wani ciwon a kan na farko.

Bayan kowane hawa, a sauke sirdi a shafa bayan da hannu, a duba inda majayi ya kama, a buɗe baki a ga abin da linzami ya yi. Linzaminmu na gargajiya mai tsanani ne, hannu mai nauyi yakan fasa harshe da dasashi. Miki ana wanke shi da ruwa mai tsabta da ɗan gishiri. Baƙin man mota ba magani ba ne. Doki kuma na cikin dabbobin da cutar tetanus ta fi yi wa illa, ƙusa ɗaya a kofato ta isa, saboda haka a tambayi likita allurar rigakafinta. A sakace kofato kullum, a datse shi duk mako 6 zuwa 8, a kwashe jiƙaƙƙen kashi daga turke musamman da damina.

Damina ce kuma lokacin kaska da ƙananan ƙwarin da ke cizo da magariba, masu yaɗa annobar dawaki ta Afirka. Hayaƙin da dattawa ke turarawa a barga da yamma yana da dalilinsa. Amma a kula da maganin kaska: Amitraz, wanda ake wanke shanu da shi, yana tsayar da hanjin doki. Maganin tsutsar ciki ma a bayar daidai nauyin dabba, ba da ƙiyasin mai kanti ba.

Barga ba ta rasa kare ko kyanwa. A yi musu allurar haukan kare tun suna wata uku, a riƙa sabuntawa duk shekara, domin cizon mahaukacin kare na kashe doki kamar yadda yake kashe mutum. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato tana cikin masu sarrafa allurar. Kyanwa kuwa, in ta yi rashin lafiya, kada a kuskura a ba ta farasitamol. Ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.