Darasi na Tara: Iyayen Riƙo a Littafin Shaihu Umar

Abubakar Tafawa Ɓalewa ne ya rubuta Shaihu Umar, aka buga shi a shekarar 1934. Labarin wani maraya ne da aka sace yana ƙarami, a zamanin cinikin bayi.

Idan kuna karanta littafin, ku ƙirga gidajen da Umar ya zauna. Mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, Umar ya zama agola, wato ɗan da mace ta zo da shi gidan sabon miji. Bayan an sace shi, wani manomi da matarsa suka tsince shi, suka mai da shi ɗansu. Daga baya ya faɗa hannun Abdulkarim, wani Balarabe attajiri, wanda ya tafi da shi ƙasarsu, ya sa shi karatu har ya zama malami.

Abdulkarim ne mai wuyar sha'ani. Ya riƙe Umar kamar ɗan cikinsa, amma fataucin bayi yake yi. Ita kuwa mahaifiyar Umar, garin neman ɗanta ta faɗa cikin bauta.

Aiki: Tsakanin Makau, manomin da Abdulkarim, wa ya fi cancanta Umar ya kira shi baba? Ku kawo dalili daga littafin.